Prejudice, Bias, Discrimination da Unfairness: Wacce Ta Dace da Takardar Koke?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar gwamnati ce, kuma karo biyu ke nan ana ƙarin girma ana tsallake ni, alhali waɗanda na riga shiga aiki sun wuce ni. Ina so in rubuta takardar koke da Turanci. Na duba ƙamus na ga *prejudice* da *bias* da *discrimination* da *unfairness*, kuma duk wanda na tambaya sai ya ce min ai duk son zuciya ne ko rashin adalci. Shin da gaske ma'anarsu ɗaya ce? Idan ba ɗaya ba ce, da wacce ya kamata in yi amfani?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya kawo mafita. Idan na fahimce ki da kyau, tambayarki gida biyu ce: kina son sanin ko waɗannan kalmomi huɗu abu guda suke nufi, sannan kina son sanin wadda za ki gina kokenki a kanta. Amsar ta farko ita ce ba abu guda suke nufi ba, ko da yake Turawan ma kansu sukan cakuɗa su a hirar yau da kullum. Waɗanda suka ce miki duk son zuciya ne ba su yi ƙarya ba, domin mu a Hausa mun saba tattara su a ƙarƙashin wannan suna, amma marubucin Turanci mai kula idan ya ɗauki ɗaya ya bar sauran, wurin da laifin yake zaune yake nunawa. Wata tana nuni ga abin da ke cikin zuciyar mutum, wata ga karkacewar ma'aunin da aka yi hukunci da shi, wata ga aikin da aka aikata a fili, wata kuma ba ruwanta da dalili, abin da ya faru kawai take dubawa. Ga mai rubuta koke wannan bambanci yana da nauyi, domin kamar yadda malaman fiƙihu suke cewa, hujja tana kan mai da'awa, kuma kowace kalma daga cikin huɗun nan da irin hujjar da take nema daga gare ki.

Abin da ke zaune a zuciya

Bari mu fara da *prejudice*. Asalinta daga harshen Latin ne, *praejudicium*, wato hukuncin da aka yanke tun kafin a saurari magana, kuma ta bi ta Faransanci ta shiga Turanci tun wajen ƙarni na 13. Har yau wannan ma'ana ta riga malam masallaci tana nan a cikinta. Ra'ayi ne, galibi mummuna, da mutum yake riƙe da shi game da wani tun bai san shi ba, don kawai ya san ƙabilarsa ko addininsa ko garinsu, ko don shi namiji ne ko ita mace ce. Masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Harvard, Gordon Allport, wanda littafinsa na 1954 mai suna *The Nature of Prejudice* ya zama madogara a wannan fanni, ya kawo wani ma'auni da nake ganin ya fi abin da ƙamus zai ba ki amfani. A wurinsa, kowa yana iya yin kuskuren zato, amma zaton ba ya zama *prejudice* sai an kawo wa mai shi sabuwar hujja ya ƙi sauyawa. Shugaban da ya ɗauka mace mai goyo ba za ta iya riƙe sashe ba, sannan ya ga wata ta riƙe da kyau ya janye maganarsa, kuskure ya yi kuma ya gyara. Wanda kuwa ya gani da idonsa amma ya ce ai wannan ta fita zakka ce, sauran duk haka suke, to shi ne kalmar ta hau kansa.

Kusa da ita akwai *stereotype*, wadda muke da abin da ya yi mata daidai wa daida, wato kuɗin goro. Asali sunan farantin ƙarfe ne da masu ɗab'i suke zubawa domin su riƙa buga shafi guda sau dubbai ba tare da sake jera haruffa ba, kuma ɗan jaridar Amurka Walter Lippmann ne ya yayata ta da ma'anarta ta yanzu a 1922. Ita hoto ce kawai da mutum ya ajiye a ransa, tana iya zama ma ta yabo, kamar a ce mutanen gari kaza duk sun iya kasuwanci, kuma sai an haɗa hoton da ƙyama ko raini sannan yake zama *prejudice*. Ita kuwa *bigotry* ita ce ƙyamar da ta yi kanta ta fito fili, mai ita yana tinƙaho da ita, ba ya ga maciji da duk wanda ya saɓa masa, musamman a addini ko aƙida.

Matsalar *prejudice* ga mai koke ita ce ba a ganinta. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma babu kwamitin binciken da zai karɓi fuskar shugabanki a matsayin shaida. Sai fa idan ya taɓa furtawa, a gaban mutane ko a rubuce, cewa shi ba ya ba mata irin wannan muƙami, ko cewa mutanen yankinku ba abin yarda ba ne. Idan babu irin wannan furuci, ko akwai shi amma babu mai tsayawa ya ce ya ji, to rubuta kalmar zai ba shi damar ya bar maganar ƙarin girma ya koma kare mutuncinsa, har ma ya juya ya ce kin yi masa ƙazafi.

Karkata, ko da babu mugun nufi

*Bias* ma daga Faransanci ta zo, daga *biais*, wato abin da ya karkace ko ya tafi a kaikaice. Teloli masu aiki da Turanci har yanzu suna faɗinta idan an yanka yadi a karkace maimakon a bi tsayin zare, kuma a Ingila akwai wani tsohon wasan gara ƙwallo a kan ciyawa wanda ake ƙera ƙwallonsa da rinjaye a gefe guda, ta yadda ko an gara ta a miƙe sai ta lanƙwasa. Wannan rinjaye shi ne *bias*, kuma daga nan ma'anar ta faɗaɗa ta zama duk wata karkata da ke hana hukunci fita a miƙe. Tana rabuwa da *prejudice* ta fuska biyu. Tana iya zama don son wani, ba lallai don ƙin wani ba, shi ya sa ake cewa *biased in favour of* kamar yadda ake cewa *biased against*. Uba da aka sa ya yi alƙalancin gasar da ɗansa yake ciki ba ya ƙin sauran yaran, amma hukuncinsa abin tuhuma ne. Sannan kuma ba ta buƙatar mugun nufi, ba ta ma buƙatar zuciya. Ki ɗauki mudun da aka buga gindinsa ya lotsa ciki: duk wanda aka auna wa hatsi da shi an rage masa, ko da mai awon gadon mudun ya yi, bai san da lotsawar ba. Saboda haka ne ake cewa bincike yana da *bias* idan an tambayi masu babbar waya na cikin birni kaɗai sannan aka ce ra'ayin jiha ke nan, kuma ake faɗin haka game da jarrabawa ko manhajar kwamfuta. Babu mai cewa jarrabawa tana da *prejudice*.

A fagen shari'a wannan kalma tana da ƙarfi na musamman, kuma a nan nake so ki natsu, domin mai yiwuwa ta yi miki amfani. Tsohuwar ƙa'ida ce cewa mutum ba ya zama alƙali a maganar da yake da hannu a ciki, kuma kotu ba ta jira sai an tabbatar mata cewa mai hukuncin ya karkata da gaske. Ya isa a nuna cewa mutum mai hankali, wanda ya san yadda al'amarin yake, zai ga akwai yiwuwar karkata. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri. Bayan tarzomar ɗalibai ta 1983, jami'ar ta kori wasu daga cikinsu bisa binciken kwamitin da mataimakin shugaban jami'ar ya jagoranta, alhali shi kansa yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa. A 1986 Kotun Ƙoli ta rushe korar, kuma wannan na cikin dalilanta. Ba a buƙaci ɗaliban su tone zuciyar mutumin ba. Kujerar da ya zauna a kai ita ce matsalar. Irin haka ta faru a Birtaniya a ƙarshen 1998, lokacin da babbar kotun ƙasar ta wancan zamani ta soke hukuncin da ita da kanta ta yanke a kan tsohon shugaban Chile, Augusto Pinochet, saboda ɗaya daga cikin alƙalan, Lord Hoffmann, darakta ne a wani reshen agaji na ƙungiyar Amnesty International, wadda ta shiga shari'ar. A Najeriya, sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 shi ne ya tanadi haƙƙin a saurari mutum a gaban mai hukuncin da ba ya ɗaukar ɓangare.

Don haka idan kin san cewa a kwamitin da ya zauna kan ƙarin girman akwai surukin ɗaya daga cikin waɗanda aka ɗaga, ko akwai wanda kuka taɓa samun saɓani da shi har magana ta shiga fayil, to *bias* kalma ce da za ki iya tsayawa a kanta, domin dangantaka da tsohuwar rigima abubuwa ne da ake iya nunawa.

Inda doka take iya kamawa

*Discrimination* daga Latin take, daga kalmar da ke nufin rarrabewa, kuma asalinta babu aibi a cikinta. Har yau idan Bature ya ce wani *discriminating buyer* ne, yabonsa yake yi, wato mai saye ne da ya san mai kyau da maras kyau. Ƙaramar kalmar da ke biyo bayanta ce take sauya komai: *discriminate between* rarrabe abu biyu ne, *discriminate against* kuwa nuna wariya ne. Wannan ma'ana ta biyu ita ce ta shafe ki, kuma tana nufin a yi wa mutum abin da ba a yi wa takwaransa ba, saboda jama'ar da ya fito daga cikinta, a cikin lamarin da wannan asali bai da wata alaƙa da shi. Aiki ce, ba ra'ayi ba. Doka ba ta da hanyar hukunta abin da mutum ya ƙudurta a ransa, amma tana iya hukunta hana aiki da hana haya da hana gado.

Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya jera dalilan da ba a yarda a ware ɗan Najeriya a kansu ba: al'ummarsa, ƙabilarsa, wurin da ya fito, jinsinsa, addininsa, da ra'ayinsa na siyasa, sannan ya ƙara da yanayin haihuwarsa. A kan wannan sashe ne Kotun Ƙoli ta tsaya a 2014, a shari'ar Ukeje, ta ce al'adar Ibo da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta ta saɓa wa tsarin mulki. An kuma yi dokar da ta haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sanya wa hannu a farkon 2019. Abin lura shi ne kalmar tana tafe da tambayoyi biyu da duk mai karanta kokenki zai yi: an ware ki ne a kan wane dalili, kuma wane ne takwaranki da aka yi wa abin da ba a yi miki ba? Idan kin rubuta *I was discriminated against* kika yi shiru, jimlar ba ta ƙare ba, saura *on the grounds of* da abin da zai biyo baya. Idan duk matan da suka cancanta a sashenku an tsallake su, maza kuwa masu ƙarancin shekarun aiki sun wuce, kina da magana. Idan cikin waɗanda suka wuce ki akwai mata 'yan garinku masu addininki, to kalmar ba ta da inda za ta riƙe.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa *prejudice* ce uwa, *discrimination* kuma 'yarta, duk inda aka ga ɗaya akwai ɗayar. Sau da yawa haka ne, amma ba kullum ba, kuma wannan shi ne babban dalilin da ya sa Turanci ya bar su kalmomi biyu. A farkon shekarun 1930, lokacin da ƙyamar 'yan Asiya take da ƙarfi a Amurka, wani masanin zamantakewa na Jami'ar Stanford mai suna Richard LaPiere ya zaga ƙasar tare da wasu ma'aurata 'yan Sin. Sun shiga otal-otal da gidajen abinci 251, kuma wuri ɗaya ne kawai aka ƙi karɓarsu. Daga baya ya aika wa wuraren da wasiƙa yana tambaya ko za su karɓi baƙi 'yan Sin, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka amsa cewa suka yi ba za su karɓa ba. An yi wa binciken suka cewa mai amsa wasiƙa ba lallai ne ya zama shi ya tarbi baƙin a ƙofa ba, kuma sukar tana da ƙarfi, amma duk da haka ya nuna cewa abin da baki yake faɗa da abin da hannu yake yi suna iya rabuwa. Akasin haka ma yana faruwa, kuma shi ne ya fi yawa a ofisoshi. Masanin zamantakewa na Amurka, Robert Merton, a wani rubutunsa na 1949, ya yi maganar mutumin da ba ya ƙin kowa a ransa amma yana nuna wariya don gudun ɓacin ran abokan hulɗarsa. Mun san irinsa: mai gidan hayar da zai ce shi ba shi da matsala da ke, maƙwabta ne ba za su so ba.

Akwai ma wariyar da ƙa'ida take yi ba tare da an ambaci sunan kowa ba. A 1971 Kotun Ƙolin Amurka ta duba ƙarar ma'aikata baƙar fata a kan kamfanin wutar lantarki na Duke Power, wanda ya shar'anta takardar gama sakandare da cin wasu jarrabawa kafin a shiga sassan da suka fi albashi. Sharaɗin ya hau kan kowa a rubuce, amma a aikace baƙar fata ya fi tarewa, saboda irin makarantun da wariyar launin fata ta bar musu, kuma kamfanin ya kasa nuna cewa aikin yana buƙatar waɗannan takardu. Kotun ta ce wannan wariya ce ko da ba a tabbatar da mugun nufi ba. A dokar Birtaniya ana kiran irin wannan *indirect discrimination*, wato wariya a fakaice.

Mafi faɗi kuma mafi sauƙin tabbatarwa

*Unfairness* ita kaɗai ce a cikin huɗun ba ta zo daga Latin ko Faransanci ba. Tsohuwar kalmar gida ce ta Ingilishi, kuma *fair* da can kyau take nufi kafin ta koma nufin abin da aka yi shi tsaf bisa ƙa'ida. Kalmar yara ce da 'yan wasa. Inda yaron Bature zai ce *it's not fair*, namu zai ce an yi masa ƙwara ko an cuce shi. Ba ta tambayar ƙabilar kowa, ba ta tambayar abin da ke zuciyar kowa. Abin da take cewa kawai shi ne akwai ƙa'ida ko alkawari ko abin da aka saba, kuma ba a bi shi ba, ko an bi shi a kan wani an sassauta wa wani, ko an yanke hukunci ba a ji ta bakin wanda abin ya shafa ba. Saboda haka kowace wariya rashin adalci ce, amma ba kowane rashin adalci ne wariya ba. Akawun da ya ɓatar da fayil ɗinki don sakaci har lokacin tantancewa ya wuce ya jawo miki *unfairness*, alhali wataƙila bai ma san fuskarki ba.

Ki bambanta ta da *injustice*, wadda ta fi ta nauyi sosai kuma ta fi kusa da abin da muke kira zalunci: ɗaure marar laifi, ƙwace gonar maraya. Wanda ya kira jinkirin ƙarin girma *grave injustice* tun a layin farko yakan sa mai karatu ya ɗauka mai zuzuta magana ne. Akwai kuma *favouritism*, wato ɗan mowa da ɗan bora, da *nepotism*, fifita dangi, wadda ta samo suna daga kalmar Italiyanci ta ɗan ɗan'uwa saboda Paparomomin da suka riƙa naɗa 'ya'yan 'yan'uwansu manyan muƙamai har aka taka wa abin burki a 1692. Waɗannan biyun suna nuna wanda aka ɗaga ne, ba wanda aka danne ba, kuma a ganina su ne suka fi bayyana yawancin abin da ke faruwa a ma'aikatunmu, inda sau da yawa ba ƙinki ake yi ba, wani ne yake da uwa a gindin murhu.

Kada ki ɗauka sauƙin kalmar *unfair* yana nufin ba ta da haƙori. Tun gyaran tsarin mulki na uku na 2010, sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron ƙararrakin da suka shafi *unfair labour practice*, tare da na wariya a wurin aiki.

Abin da zan ba ki shawara

A aikina na fassara da gyaran takardu, koke-koke da yawa sun bi ta hannuna, kuma kusan duk cuta ɗaya ke damunsu. Wani malamin makaranta ya taɓa kawo min nasa, shafi uku da rubutun hannu, sakin layi na farko kaɗai yana ɗauke da *tribalism* da *sentiment* da *bias* da *victimisation* da *wickedness*. Na ajiye biro na tambaye shi ƙabilar shugaban da yake ƙara, sai ya yi ɗan murmushi ya ce ai ƙabilarsu ɗaya, unguwarsu ma ɗaya. Na ce to *tribalism* ta faɗi. Na tambaye shi abin da yake da shi a hannu, sai ya buɗe wata tsohuwar ambulan ya zaro takardar kama aikinsa, da sanarwar da ta faɗi shekarun da ake buƙata kafin a hau mataki na gaba, da hoton jerin sunayen da aka liƙa a allon sanarwa, wanda ya ɗauka da wayarsa. Takardun nan uku su ne kokensa gaba ɗaya. Da muka sake rubutawa, shafi ɗaya ya isa: ranar da ya kama aiki, abin da ƙa'ida ta ce, sunayen da suka fito, da jimla guda da ke cewa an yi masa *unfair treatment* wanda ya saɓa wa sanarwar, sai roƙon a sake dubawa.

Bisa abin da kika faɗa a tambayarki, ke ma a nan kike tsaye. Abin da kike da shi tabbas shi ne an tsallake ki sau biyu kuma na bayanki sun wuce, wannan kuwa *unfair treatment* ne idan ƙa'ida tana tare da ke. Ki fara da shi, ki jera ranaku da matakai da lambar sanarwa. Idan kina da hujjar dangantaka ko tsohuwar rigima a cikin kwamitin, ki ƙara da cewa akwai *likelihood of bias*, ki faɗi dalilin a jimla ɗaya ba tare da zagi ba. *Discrimination* ki ajiye ta sai kin iya cika gurbin nan na "a kan wane dalili". *Prejudice* kuwa, ni da ni ne, ba zan saka ta a takardar farko ba ko da ina da yaƙini a raina, domin idan bayanan da kika jera sun nuna ta, mai karatu zai gano da kansa, kuma abin da ya gano da kansa ya fi kama shi.

Sai dai in faɗa miki iyakata. Ni mai harshe ne, ba lauya ba, kuma kafin ki rubuta ko kalma ɗaya ya kamata ki tabbatar cewa ƙa'idar tana tare da ke, domin riga shiga aiki kaɗai ba ya wajabta ƙarin girma. A aikin gwamnatin tarayya, misali, akwai mafi ƙarancin shekarun da ake yi a kan mataki, uku ga masu mataki na 7 zuwa na 14, huɗu ga na sama da su, sannan akwai jarrabawa da makin tantance ƙwazon aiki da samuwar gurbi, kuma jihohi suna da nasu tsarin. Jami'in ƙungiyarku ta ma'aikata ko lauyan da ya san dokar ƙwadago zai fi ni sanin wannan, kuma akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa tun 1975, idan ofishinku ya yi biris da ke. Haka kuma iyakokin da na zana tsakanin kalmomin ba katanga ba ne. Za ki ga jarida ta rubuta *racial bias* yau, gobe ta rubuta *racial prejudice* a kan labari guda, kuma babu editan da zai ce ta yi kuskure. A takardar da za a yi hukunci da ita ne bambancin yake fitowa sosai.

Akwai 'yan ramuka da Turancinmu na Najeriya yake jefa mutane a ciki. Ba a cewa *he is bias*, sai dai *he is biased*, haka ma *prejudiced*. *Sentiment*, wadda muke amfani da ita da ma'anar son kai na ƙabila ko addini, a wajen Najeriya ra'ayi ko tausayi kawai take nufi, don haka ba ta da amfani a takardar hukuma. *Victimisation* kuma a dokar ƙwadago ta Birtaniya tana da ƙunƙuntar ma'ana, wato a muzguna wa mutum saboda ya kai ƙara ko ya ba da shaida. Idan bayan kin miƙa kokenki aka yi miki canjin wurin aiki na ramuwar gayya, a lokacin ne ta zama taki.

Sannan idan amsa ta zo daga ofishin lauyansu kika ga an rubuta *without prejudice* a saman takardar, kada ki karanta shi da ma'anar suna rantsuwa cewa ba su ƙi ki ba. Wannan wata tsohuwar ma'ana ce ta kalmar da ta rage a bakin lauyoyi, inda *prejudice* take nufin cutarwa ko tauye haƙƙi. Abin da suke cewa shi ne duk tayin sulhun da ke cikin wannan takarda ba ya rage musu wani haƙƙi, kuma a ƙa'ida ba za ki iya kai ta kotu a matsayin shaidar sun amsa laifi ba. Irin wannan takarda ki kai wa lauya ya duba kafin ki amsa ta.